Caicedo da fam miliyan 115: kwalliya ta biya kuɗin sabulu kuwa?

Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Ka tambaya ko ɗan wasan tsakiya Moisés Caicedo ya taka daidai da fam miliyan 115 da Chelsea ta zuba a kansa lokacin da ta saye shi daga Brighton a 2023, har ka ce kai ba ka ga wata ƙwallo da yake ci ba balle a ce an yi riba. Bari in sa baki, don ni ma na taɓa tsayawa inda kake tsaye, har ma na fi ka zafi.

Tun zuwan koci Mourinho na farko a 2004 nake bin Chelsea, saboda haka ba yau na fara ganin an saye ɗan wasa da tsada an yi kuka ba. Da idona na ga Torres ya zo daga Liverpool a Janairun 2011 kan fam miliyan 50, muka yi ta jira har watan Afrilu kafin ya zura ta farko a ragar West Ham. Na ga Lukaku ya dawo a 2021 kan miliyan 97.5, ya ci takwas a Firimiya, ya je ya yi hira da gidan talabijin na Italiya yana begen Inter, shekara na zagayowa aka mayar da shi can aro. Akwai wasan da ya yi da Crystal Palace, minti casa'in cur, sau bakwai kaɗai ƙafarsa ta taɓa ƙwallo. Wanda ya sha irin wannan, in ya ji an ce an sake fasa asusu, gabansa ne ke faɗuwa.

Kuma Caicedo bai taimaki kansa ba a farko. Ranar 20 ga Agusta 2023, a gidan West Ham, aka sako shi daga benci bayan hutun rabin lokaci. An ba ɗan bayansu Aguerd jan kati, su goma ne a fili, muna neman farkewa. Sai ga mutumin namu a ƙarshen wasa ya kwashe ƙafar Emerson a cikin da'ira, alƙali ya nuna fenareti, Paquetá ya buga, aka tashi 3-1. Mako biyu bayan nan Nottingham Forest ta zo Stamford Bridge, ƙwallo ta kuɓuce masa a tsakiyar fili, Taiwo Awoniyi ya tsinta ya miƙa wa Elanga, shi ke nan 1-0. A daren nan na ce wa abokaina Brighton ta yi mana sakiyar da ba ruwa. Wani ɗan Arsenal a cikinmu ya yi wata guda yana tura min hoton wannan fenaretin kullum da safe kamar gaisuwa.

Abin da ya sauya min tunani ba wata ƙwallo ba ce. Wani dattijo ne da muke kallo tare, wanda ya taka leda a lamba shida, wato gurbin mai tsare gaban 'yan baya irin na Caicedo, da ƙuruciyarsa, ya ce min: "Kai kana bin ƙwallo da ido ne. Yau ka ƙyale ta, ka zuba wa yaron nan ido shi kaɗai na minti ashirin." Na gwada. Sai na ga abin da ban taɓa lura da shi ba. Duk lokacin da 'yan bayanmu na gefe suka haura, shi yake ja baya ya toshe ramin da suka bari. Kafin ƙwallo ta iso gare shi ya waiga kafaɗa sau biyu ko uku, ya riga ya san inda zai juya. In abokan hamayya suka ƙwace suka taso a guje, ba ya faɗa wa mai ƙwallon kai tsaye. Sai ya karkata jiki ya tura shi gefen layi, ya jinkirta shi daƙiƙa biyu har mutanenmu su dawo, sannan ya miƙa ƙafar nan tasa ta ƙarƙashi ya zare ƙwallon. Harin da bai faru ba ba ya shiga faifan taƙaitaccen wasa da ake yaɗawa a waya. Shi ya sa in ta can kake auna shi, kullum za ka ga kamar ba ya komai.

Tuna John Mikel Obi. Wasa 372 ya buga wa Chelsea, ƙwallo shida kacal ya ci. Amma duk wanda ya kalli wasan ƙarshe na Zakarun Turai a Munich a 2012 ya san wanda ya tsaya a gaban 'yan baya lokacin da Bayern ke ruwan hare-hare. Ba wanda ya saye Mikel don ya ci ƙwallo, haka Caicedo. Tambayar da ta dace da mai wannan gurbi ita ce: in ba ya nan, yaya tsakiyar take?

Yanzu batun kuɗin. Nan ne nake ganin mutane suna haɗa abu biyu da ba ɗaya ba. Farashin ɗan wasa ba awon ƙwarewarsa ba ne kawai, awon halin da mai saye da mai sayarwa suke ciki ne ranar cinikin. Brighton ta ɗauko yaron nan daga Independiente del Valle ta Ekwado a farkon 2021 kan abin da bai kai fam miliyan biyar ba, ta tura shi aro Beerschot a Beljiyam, ya dawo ya kama gurbi. A Janairun 2023 Arsenal ta taya miliyan 70, Brighton ta ce albarka. Yaron har ya fito fili ya roƙi a sake shi, yana cewa shi ne auta cikin 'ya'ya goma na gidan talakawa, amma aka ƙi. A watan Maris suka sa shi ya sabunta kwantiragi. Ka ga wuƙa da nama sun koma hannunsu. Da bazara ta zo, Kanté ya tafi Saudiyya, Kovačić ya koma Manchester City, Jorginho dama yana Arsenal, kowa ya san Chelsea ba ta da mai riƙe tsakiya. Ana cikin ja-in-ja sai Liverpool ta faɗo da tayin miliyan 111, Brighton ta karɓa. Yaron ya ce shi Chelsea yake so, dole Chelsea ta ɗara. Miliyan 100 a dunƙule, 15 na tsarabe-tsarabe. Da shugabanninmu sun gama cinikin tun watan Yuni, ina da yaƙinin ba za a kai nan ba. Wannan jan ƙafar laifin ofis ne, ba na Caicedo mai riga lamba 25 ba.

Sannan kwantiragin shekara takwas aka ba shi yana ɗan shekara 21. A littafin lissafi ba a rubuta kuɗin sayen a shekara guda, ana raba shi ne kan tsawon kwantiragin. Miliyan 100 a shekara takwas ya zama 12.5 a kowace kaka. Dabarar da Chelsea ta yi ta amfani da ita ke nan har hukumar ƙwallon Turai, UEFA, ta taƙaita rabon zuwa shekara biyar, ƙungiyoyin Firimiya ma suka bi sahu a Disambar 2023.

To me ya bayar a fili? Kakarsa ta farko rabi da rabi ce, ya fara da tuntuɓe ya gama da ƙarfi. Ranar ƙarshe, da Bournemouth, golansu Neto ya fito ya share ƙwallo, ta faɗo wa Caicedo daf da layin tsakiya, ya ɗaga ta tun daga can ta faɗa raga. Ita ce ta farko da ya ci mana. Kaka ta biyu, a hannun koci Maresca, duk wasannin Firimiya 38 da shi aka fara, ba wanda ya tsallake. Wani lokaci ma a baya ta dama ake ajiye shi, in mun riƙe ƙwallo ya shigo tsakiya, in ta kuɓuce ya koma, aikin mutum biyu. Shi ya farke mana a Old Trafford a Nuwambar 2024 aka tashi 1-1. Ƙungiya ta gama ta huɗu ta koma Zakarun Turai, shi aka zaɓa gwarzon ɗan wasan Chelsea na kakar. A wasan ƙarshe na Conference League da Real Betis shi ya rufe da ta huɗu aka tashi 4-1, kuma yana tsakiya ranar da aka doke PSG 3-0 a Amurka aka ɗauki kofin duniya na ƙungiyoyi a Yulin 2025, PSG ɗin da tsakiyarta ta gagari kowa a Turai a shekarar.

Ba zan ce ba shi da aibu ba. Yana da saurin kai ƙafa, kuma salon ƙwatar nan tasa in ya makara da rabin daƙiƙa ƙeta ce, katin gargaɗi ba ya yi masa wuya. Ba kuma gwanin raba ƙwallo irin Fàbregas ba ne. In ƙungiya ta tare a bayanta mutum goma, ba daga ƙafarsa za ka jira zaren da zai farke su ba. Ga kuma wani abu da ke ci min tuwo a ƙwarya har yau: Liverpool da ta rasa shi ta je ta ɗauko Endo da araha, daga baya kocinta Slot ya mayar da Gravenberch wannan gurbin, suka cinye Firimiya a 2025. Ke nan ana iya toshe ramin ba tare da miliyan 115 ba, in akwai ido da haƙuri. In ɗan Liverpool ya faɗa min haka, shiru nake yi.

Amma kai ba ka tambayi ko an yi tsada ba, ka tambayi ko ya cika abin da aka zata. Tsada kam an yi, wataƙila da miliyan ashirin ko talatin a ganina. Zato kuwa ya cika shi. Cikin duk waɗanda aka kwaso tun da sabbin masu ƙungiyar suka karɓa a 2022, in aka ce in ware biyu da ba zan yarda a taɓa ba, Palmer ne da shi, kuma in aka matsa min in bar ɗaya a benci a babban wasa, sai na daɗe ina sosa ƙeya. Wasan Chelsea na gaba, yi abin da dattijon nan ya sa ni: minti ashirin, kada ka kalli ƙwallo, kalli lamba 25. Ka dawo ka faɗa mana sau nawa ka ga hari ya mutu a ƙafarsa.