Filin Tambaya da Amsa: Shin Ƙaramin Kare Zai Iya Shiga Gasar Tsallake-tsallake?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗalibi ne mai karatun likitancin dabbobi a nan Sakkwato. Muna da wata ƙaramar karya a gidan gonar mahaifina, watanta 8 da haihuwa, tsayinta bai kai gwiwata ba, amma ba ta zama wuri ɗaya ko na minti guda. Na ga bidiyon wata gasa da ake kira ajiliti, inda kare ke tsallake shingaye, ya kutsa cikin bututu, ya hau katako, maigidansa na gudu a gefe yana nuna masa hanya. Abokaina sun ce wannan wasan manyan karnuka ne, ƙaramar karya irin tawa ba za ta taɓuka komai ba. Shin haka abin yake? In ba haka ba, ta ina zan fara?

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗana. Abokanka ba su yi daidai ba, domin a wannan gasa ba a haɗa ƙaramin kare da babba a rukuni ɗaya. Ƙungiyar FCI ta masu karnuka ta duniya, wadda ke da mazauni a Beljiyam kuma take tsara dokokin da ƙasashe da yawa ke bi, tana auna tsayin kare daga ƙasa zuwa saman kafaɗarsa, duk wanda bai kai santimita 35 ba sai a sa shi a rukunin ƙanana. Shingen da za a gitta masa tsayinsa santimita 25 zuwa 30 ne kawai, alhali na manya yana kai wa 55 zuwa 60. Don haka karyarka da sa'o'inta za ta kara, kuma nau'o'in karnuka irinsu Papillon da Jack Russell da Shetland, waɗanda duk ƙanana ne, sun daɗe suna ba 'yan kallo mamaki a manyan filaye.

An fara nuna wasan ne a 1978, a bikin baje kolin karnuka na Crufts a Landan, lokacin da John Varley da Peter Meanwell suka tsara shi domin ɗebe wa 'yan kallo kewa a tsakanin manyan shirye-shirye, suna kwaikwayon gasar tsallaken dawakai. Ƙungiyar masu karnuka ta Ingila ta amince da shi a hukumance a 1980, daga nan ya bazu, har aka yi gasar duniya ta FCI a Johannesbag ta Afirka ta Kudu a 2013.

Alƙalin wasa yakan jera abubuwa 15 zuwa 22 a fili, ya lamba musu lambobi, kuma jerin yakan canza daga gasa zuwa gasa. Mai kare kaɗai ake bari ya zagaya filin na 'yan mintoci kafin a fara, domin ya haddace hanya, shi kuwa karen sai an busa yake ganinta. Ana sakinsa babu igiya, kuma ba a yarda mai shi ya riƙe abinci ko abin wasa ba, balle ya taɓa karen ko shingen. Idan ya kayar da sandar shinge an rubuta masa laifi na maki 5, haka nan idan ya ƙi abin da aka nuna masa. Ƙi uku na fitar da shi daga zagayen, kuma idan ya bi abin da ba shi ne na gaba a jeri ba, nan take an fitar da shi. Wanda ya gama babu laifi cikin mafi ƙarancin lokaci shi ne ya yi nasara. Wannan ya nuna maka cewa rabin aikin naka ne, kuma galibin kurakuran da ake ɗora wa kare, idan aka sake duba bidiyo, sai a tarar mai shi ne ya makara wajen ba da ishara.

A nan ne ƙaramin kare ke buƙatar kulawa ta daban, kuma nan nake so ka fi mai da hankali. Idon karyarka yana kusa da ƙasa, saboda haka abin da take fara gani shi ne ƙafafunka da inda ƙirjinka ya fuskanta, ba hannun da ka ɗaga sama ba. Idan bakinka ya ce ta shiga bututu amma yatsun ƙafarka suna kallon shinge, shingen za ta nufa. Ka riƙa sauke hannunka zuwa daidai cinya idan za ka yi mata nuni, amma kada ka sunkuya a kanta, domin ƙananan karnuka da yawa sukan ja da baya idan suka ga mutum ya rufto musu. Ka kuma kiyayi taka ta, domin wadda aka taɓa takawa a guje takan daɗe tana nesa-nesa da ƙafar maigidanta, kuma gyara wannan ya fi koya mata tsalle wuya.

Akwai katakai iri uku da ake hawa: tudu mai siffar jinkar ɗaki wanda tsayinsa mita 1.70 ne, da siririyar gada, da katakon lilo mai rinjaya. Ana shafa wa bakin kowannensu fenti na daban, kuma dole ne kare ya taka wurin da aka shafa kafin ya sauka. Ƙaramin kare ya fi babba sauƙin cika wannan sharaɗi, tun da takunsa gajere ne, ba ya tsallake wurin da taku ɗaya. Lilon ne matsalarsa, domin nauyinsa kaɗan ne, sai ya je can kusa da ƙarshe kafin katakon ya rinjaya, sannan ya jira har ya taɓa ƙasa. Shi ya sa dokar FCI ta ce a gwada lilon da nauyin kilo 1 a kan wurin fentin, kuma ya sauka cikin daƙiƙa 2 zuwa 3. Idan kafinta zai haɗa maka naka, ka yi masa wannan gwajin kafin ka biya shi. Ka fara da katako a shimfiɗe a ƙasa, sannan ka sa ɗan guntun itace a ƙarƙashin tsakiyarsa yadda zai motsa kaɗan, kana ba ta lada duk lokacin da ya buga ƙasa, har ta saba da ƙarar. Sai kuma turaku 12 da ake kafawa a layi, santimita 60 tsakanin kowane biyu, waɗanda kare ke saƙawa a tsakaninsu, kuma tilas ya shiga turken farko yana gefen kafaɗarsa ta hagu. Wannan shi ya fi komai cin lokaci wajen koyo.

Sai dai a wata 8 ban yarda ka fara mata tsalle mai tsayi ko saƙar turaku ba. Kai ɗalibin fannin ne, ka san ƙarshen ƙasusuwan ƙafa ba ya gama haɗewa sai kare ya doshi shekara, kuma dokar gasa ma ba ta karɓar wanda bai kai wata 18 ba. Ka san kuma gocewar ƙoƙon gwiwa ta yi yawa a ƙananan karnuka, don haka ka kai ta asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a duba gwiwoyinta, a yi mata rigakafin ciwon haukan kare, a ba ka maganin kaska da tsutsar ciki. Kafin ta cika shekara, ka koya mata zuwa idan an kira ta, da zama ta jira har a sallame ta, da gudu a damanka da hagunka duka, da wucewa tsakanin sanduna biyu da sandar gitta a kwance a ƙasa. Bututun roba na masu aikin famfo ya isa yin shinge, muddin sandar gittar za ta faɗi da zarar an taɓa ta, domin wadda aka ɗaure tam ita ke karya ƙafa. Minti 5 sau biyu a rana ya fi awa guda a jere. Ladanta kuma ya zama 'yan ƙananan gutsattsarin dafaffen nama ko hanta, ba tsire ko kilishi ba, saboda yaji da gishiri, kuma albasa da tafarnuwa suna lalata jinin kare.

Zafin Sakkwato shi ne babban abin tsoro, ya ma fi tsallen haɗari. Daga Maris zuwa Mayu zafi kan haura digiri 40, kare kuwa da haki yake fitar da zafin jikinsa, ga shi ƙarami ya fi kusa da turirin ƙasa. Ka yi horon bayan sallar asuba, ka ɗora bayan hannunka a kan yashi tukuna, in bai jure ba to tafin ƙafarta ma ba zai jure ba. Ka share ƙarangiya da tsakuwa daga filin, ka guji siminti, ka ajiye ruwa a inuwa. Idan ka ga harshenta ya zazzalo ya yi faɗi, yawu ya yi kauri, ko tana tangaɗi, ka tsaya nan take, ka jiƙa ta da ruwa mai ɗan sanyi, ka nemi likita. Lokacin hunturu shi ne mafi dacewa da koyon sababbin abubuwa masu wuya.

TAMBAYA: Malam, ni maharbi ne daga wajen Wamakko. Karnukanmu na farauta, waɗanda ba su da wata takardar asali, ana karɓar irinsu a wannan wasa?

AMSA: Malam, a Ingila da Amurka ana yi wa karnukan da ba su da takardar asali rajista ta musamman, su shiga gasa tare da saura. Karnukanmu na farauta dogaye ne marasa nauyi, don haka yawancinsu rukunin manya za su faɗa, kuma gudu da juriya ba su ne za su gagare su ba. Abin da za ka yi fama da shi shi ne ɗabi'ar da ka riga ka koya musu ta bin sawu da warin dabba su yi nisa da kai, alhali a wannan wasa ana so kare ya riƙa karanta motsin maigidansa a kowane taku. Ya fi sauƙi ka ware ɗan kwikwiyo guda tun bai fara fita daji ba, ka hore shi shi kaɗai, nesa da sauran garken.