Lambar baiti ta ƙi zama a wurinta: sai an sayi sabuwar manhaja?

Tambaya: Ina koyar da ƙungiyar mawaƙa, kuma da manhajar rubuta kiɗa ta MuseScore nake rubuta mana waƙoƙi. Akwai wata mai baiti huɗu a kan kari ɗaya. Da zarar na sa "1." a gaban baitin farko, sai lambar ta haye ƙarƙashin alamar sautin farko, ta ture gaɓar farko gaba, kalmomin duka su goce. An ce mini Dorico, wata manhajar ta kuɗi, ba ta haka. In saya?

Amsa: Malama, ki bar kuɗinki a jaka tukuna. Laifin ba na MuseScore ba ne, na maɓallin tazara ne.

Manhajar rubuta kiɗa ba ta san kalma ba, gaɓa ta sani. Kowace alamar sauti gaɓa ɗaya ake ɗaura mata, kuma idan kika danna tazara, abin da kika faɗa mata shi ne "na gama da wannan, mu je ta gaba". To kin rubuta "1." kin danna tazara, ita kuwa ta ɗauka gaɓa ce da za a rera, ta ba ta kujerarta. Maganin ba shi da wuya. Ki zaɓi alamar farko, ki danna Ctrl da L, ki rubuta "1.", sannan ki riƙe Ctrl kafin ki danna tazara (a Mac, Alt za ki riƙe). Wannan tazarar ba ta tsallakawa, saboda haka lambar da gaɓar farko za su zauna tare a ƙarƙashin alama ɗaya. Haka za ki yi wa sauran baitocin.

Saura abu ɗaya, wanda shi ke bambanta aikin gwani da na ɗan koyo. Gaɓa takan zauna ne daidai tsakiyar alamarta. Idan lamba ta manne mata, faɗinta ya ƙaru, sai gaɓar ta karkata dama, mai rerawa ya ɗan yi kokonto. A cikin saitin salon kalmomin waƙa akwai zaɓin daidaita lambar baiti. Ki tabbata a kunne yake, lambar za ta rataya a hagu, gaɓar ta tsaya inda ya kamata.

Wanda ya ba ki labarin Dorico bai yi ƙarya ba. Manhajar, wadda kamfanin Steinberg ya fitar a 2016, da kanta take sa lambobin idan aka kunna mata, kuma lambar ba ta cikin gaɓar, layin take bi. Amfaninsa yakan fito ne ranar da kika ce baiti na uku ya dawo na biyu: a MuseScore sai kin bi kin gyara da hannu. Idan littafi kike haɗawa mai waƙa ɗari biyu, wannan sauƙin ya cancanci kuɗi. Waƙa goma a shekara kuwa, ni dai ba zan saya ba. Manhajar Sibelius na da ƙaramin abin ƙari da ke zuba lambobin bayan an gama rubutu. LilyPond, wanda shi ma kyauta ne kamar MuseScore, umarni ɗaya yake so, \set stanza = "1.", amma shi da rubutun umarni ake aiki da shi, ba da linzamin kwamfuta ba, kuma ba kowa ke da wannan haƙurin ba.

Kafin ki buga, ki duba ko salon harafin da kika zaɓa yana da ƙ da ɗ da ɓ. Wasu ba su da su, sai manhajar ta aro daga wani salon, harafi ɗaya ya fito daban kamar baƙo a cikin dangi. Charis SIL da Noto Serif duk suna da su.

Tambaya: Shekara da shekaru da manhajar Finale nake aiki. Idan na ƙaura zuwa wata manhajar, lambobin baitocina za su biyo ni?

Amsa: Malam, ƙaura kam ta zama dole ko ba yau ba, tunda kamfanin MakeMusic ya sanar a watan Agustan 2024 cewa ya daina sabunta Finale. Ka fitar da waƙoƙinka a tsarin MusicXML, wanda manhajojin rubuta kiɗa ke musayar fayil da shi, tun manhajar tana buɗewa a kwamfutarka, domin sauran manhajojin ba sa karanta fayil ɗin Finale kai tsaye. Lambar da ka rubuta da hannu a jikin gaɓa za ta biyo ka. Hatsarin shi ne ka kunna lambobin Dorico a kanta, ka ga "1. 1." a jere. Gwada da waƙa ɗaya kafin ka kwashe duka.

Tambaya: Waƙarmu baiti tara ce da amshi. In jera su duka a ƙarƙashin layin kiɗan?

Amsa: A'a. Manhaja za ta yarda, idon mai rerawa ne ba zai yarda ba. Daga baiti na biyar nisan da ke tsakanin alama da kalma ya yi yawa, mutum ya ɗaga ido ya dawo ya faɗa layin da ba nasa ba. Sa uku ko huɗu a ƙarƙashin kiɗan, sauran ka rubuta su a ƙasan shafi kamar rubutacciyar waƙa, ka ci gaba da lambar daga inda ta tsaya. Kafin a kai can, karin ya riga ya zauna a kunne. Amshi ba a ba shi lamba. Rubuta shi sau ɗaya da karkataccen harafi, ka sa kalmar "Amshi" a samansa. Idan waƙar ta ƙetara shafi, ka maimaita lambobin a farkon sabon shafin.