Me ya sa Hajiya Babba ke ce wa kogin Neja Kwara?

Ɗana, na ga saƙonka. Ka ce Hajiya Babba ta ce kakanku ya haye Kwara tun yana saurayi, kai kuma ka ɗauka Ilori ya je. A'a, ruwa take nufi. Kogin da aka koya muku da sunan Neja, mu Kwara muka tashi muka ji ana ce masa. Jihar Kwara ce ta ari sunan kogin, bayan Gawon ya raba ƙasar nan jihohi 12 a 1967.

Kogi ne mai tsawon fiye da kilomita 4,000, daga tsaunukan Gini har teku, shi ya sa kowace al'umma ke da nata sunan. Mutanen Mali Joliba suke cewa, Zabarmawa kuma Isa. Turawan farko da suka zo ƙasarmu ma namu suka kama. Clapperton da ya ratsa Kano a 1824 ya wuce Sakkwato wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, labarin Kwara yake nema, kuma haka ya rubuta sunan gwargwadon yadda kunnensa ya ji.

To me ya haɗa Bakano da ruwan da ba ya kusa da mu? Goro. Fatakenmu, Agalawa da Tokarawa, sukan ɗaure kaya daga kasuwar Kurmi, baƙin rini da kanwa da fatu, su nufi Gwanja a ƙasar Gana ta yau. Ba makawa sai ayari ya tsallake Kwara, galibi ta wajen Yawuri. Nan madugu ke zama da masu fito a yi cinikin kuɗin haye, a zuba kaya a kwalekwale, jakuna na turjewa a bakin gaɓa. Tafiya ce ta watanni, wani ma sai shekara ta zagayo. Don haka in tsohuwa ta ce wane ya haye Kwara, tana gaya maka ya yi nisan da ba a sa ran labarinsa nan kusa, kuma ya cika bafatake. Yabo ne take yi wa kakanku.

A jarrabawa rubuta Neja, kada malami ya soke ka. Amma gaban manya ka ce Kwara, kuma ban so in ji kana yi mata gyara. Ran Juma'a in ka shigo cikin gari ka tambaye ta sunan madugunsu, tana sane da shi sarai. Ka gaida mahaifiyarka.

Baffanka