Amsa kan bikin adabi na hunturu a Second Life

Wa alaikumus salam 'yar uwa. Kin tambaya wai menene wannan bikin adabin da ake yi lokacin sanyi a Second Life, kuma za ki iya shiga daga nan Jidda? Sosai ma kuwa.

Second Life duniya ce ta cikin intanet, kamfanin Linden Lab na Amurka ne ya buɗe ta a 2003, za ki yi rajista kyauta ki ƙirƙiri mutum-mutuminki, da shi za ki riƙa yawo. Idan Disamba ta kama sai masu shirya bikin su gina gari guda da ƙanƙara a kan rufin gidaje, da fitilu, da ɗakin karatu mai murhu, ki ja kujera ki zauna wani yana karanta labari da muryarsa kai tsaye, mutane daga ƙasashe daban daban suna saurare suna rubuta ra'ayinsu a ƙasa, wallahi ni wannan ɓangaren ne ya fi kama min zuciya, tamkar tatsuniyar dare a tsakar gida. Mafi yawa da Turanci ake yi, kuma adon na Kirsimeti ne, gara ki sani tun yanzu.

Lokaci fa shi ne matsalar. Agogonsu na Kalifoniya ne, a hunturu mun riga su da awa 11, wato 12 na ranarsu 11 na darenmu ne. Ki yi amfani da kwamfuta da waifai mai ƙarfi, ki sauke Firestorm, manhajar da ake shiga Second Life da ita, kuma ki tsaya a wuraren da aka yi wa alamar General, wato waɗanda suka dace da kowa, dan Allah, musamman in yara na kusa da ke.