Zanen Japanawa a Bakin Karofi

Jiya ka tambaye ni, bayan matar nan ta nuna maka hoto a wayarta tana so a yi mata irinsa a majanyi, ko laifi ne marini ya ɗauko zanen Japanawa ya sa a aikinsa. Babu laifi, ɗana. Su ma mutanen rinin baba ne kamar mu. A yankin Tokushima sai sun tsima ganyen kusan kwana 100 kafin ya kai ga rini, kuma garin Arimatsu da yanzu ke cikin birnin Nagoya, wanda aka kafa a 1608, da ɗaurin rini ya yi suna. Su suna ce masa shibori. Marinar Ƙofar Mata da ake cewa tun 1498 take ta girme shi, amma na ga hotunan aikinsu, hannunsu ya faɗa.

Abin da ba zan lamunta ba shi ne ka ɗora takarda a kan waya ka kwafe abin da ko sunansa ba ka sani ba. Wanda ta nuna maka asanoha ne, siffar ganyen wani tsiro da suke saƙa da zarensa kamar yadda muke yi da rama. Tsiron nan yana saurin girma, kuma a miƙe yake tashi, shi ya sa suke sa zanen a kayan jarirai. Ka ga matar nan ta dace ba ta sani ba. (Dangin tabar wiwi ne tsiron, amma wannan ba sai ka gaya mata ba.)

Yanzu ɗauko alli. Kada ka fara da ganyen, babu wani ganye a ciki. Ja layuka su ba ka ɗakuna masu kusurwa uku, kowane gefe daidai da ɗan'uwansa. Ɗiga ɗigo a tsakiyar kowane ɗaki, ka ja layi daga ɗigon zuwa kusurwoyin nan uku. In ka gama shida da suka haɗu a wuri guda, tauraron zai fito da kansa. Wanda ya san wannan zai iya ƙara girmansa ko ya rage daidai da faɗin yadi. Mai kwafa kuwa, da ya iso bakin yadi sai ka ga zanen ya karkace yana neman inda zai ɓoye.

Ga kuma abin da hoton waya ba zai gaya maka ba: yawancin irin wannan siririn layi ba ɗauri ba ne. Ko dai ɗinki ne da farin zare a kan baƙin yadi, wanda suke kira sashiko, da talakawan ƙauye suka riƙa yi don faci da ƙara wa tufa kauri saboda sanyi. Ko kuma takarda ce suka huhhuda suka shafa kullun shinkafa ta cikinta don ya hana baba shiga. Mu da allura za mu bi layin mu tsuke. Karofi kuwa yana cin layi. In ka yi ɗakunan ƙanana kamar na hoton, tsoma na huɗu za su haɗe su zama dabbare-dabbare. Kowane gefe ya kai tsawon ɗan yatsanka, ko ya fi.

Akwai seigaiha, rabin da'ira a kan rabin da'ira kamar ɓawon kifi, igiyar ruwan teku ke nan. Da bakin kofi da murfin kwalba za ka fitar da shi. Akwai yagasuri, gashin gindin kibiya, da ake ba amarya saboda kibiyar da aka harba ba ta dawowa. Wannan ni ina ganin zai karɓu a kayan lefe in aka yi wa mata bayaninsa.

Biyu ne zan hana ka. Furen nan mai kunnuwa 16 da suka kewaye ƙaramar da'ira tambarin gidan sarautarsu ne, har a bangon fasfonsu akwai irinsa. Yadda ba za ka so baƙo ya ɗauki dagi ko aska takwas ya sa a tsumman goge ƙafa ba, haka su ma. Sai kuma masu rai, tsuntsaye da kifaye da suke yawan zanawa: kada ka sa su a rigar da mutum zai shiga masallaci da ita, kaya za su kwana a hannunka.

Gobe kafin mu taɓa yadin matar nan, ka gwada a ƙyalle guda biyu, ɗaya manyan ɗakuna, ɗaya ƙanana, mu tsoma su tare a karofin da ke kusa da bango. Ka zo da zare mai ƙwari, na jiya tsinkewa yake in an tsuke.