Salsala biyu: ta takarda da ta cikin gida

Ɗan'uwa, ka tambaya ko mu Hausawan da aka haifa a Sudan, aka haifi iyayenmu a Sudan, mun ma san inda muka fito, ko kuwa dai zancen nan ne na kowa ya bar gida gida ya bar shi. Tambayar ba ta ɓata mini rai ba. Sai dai da za a tsayar da yaro ɗan shekara 10 daga ƙauyenmu, a tsayar da sa'ansa na Kano, a ce kowa ya jero kakanninsa, namu ne zai fi nisa. Ba don mun fi ku son asali ba. Hukuma ce ta tilasta mana.

A Sudan ba a rubuta mutum da suna biyu. Naka, na ubanka, na kakanka, na uban kakanka: haka ake cikawa a rajistar makaranta, a takardar gona, da takardar jinsiyya, wadda ita ce shaidar zama ɗan ƙasa. Ku can mutum ya sa sunansa da na mahaifinsa, ya liƙa sunan garinsu a ƙarshe, magana ta ƙare, don garin yana nan, dagaci ya san gidanku. Mu ba mu da garin a kusa, sai muka riƙe sunayen.

Amma kada sunaye huɗun nan su ruɗe ka. Kusan kowane gida a nan yana da salsala biyu, wadda ake faɗa wa ma'aikaci a ofis da wadda tsofaffi ke faɗa a tsakar gida, kuma ba kullum suke haɗuwa ba.

Dalilin yana cikin doka. Da Sudan ta sami 'yanci a 1956, dokar zama ɗan ƙasa ta 1957 ta ce sai wanda shi ko kakanninsa na wajen uba suke zaune a ƙasar tun 31 ga Disamba 1897. To, yawancin mutanenmu bayan wannan ranar suka iso. Daga baya aka matso da shekarar zuwa 1924, dokar 1994 kuma ta kawo ta 1956, amma kafin nan an riga an yi shekaru ana wahala. Wanda ba shi da jinsiyya ba ya samun aikin gwamnati cikin sauƙi, ɗansa yana iya tsayawa a ƙofar jami'a. Sai mutane suka riƙa ja da zuwan kakansu baya, a ce ai tun zamanin Mahadin Sudan yake nan, a kawo dattijai biyu su shaida a gaban umda, wato dagacin wannan ƙasar. Wasu gaskiya suka faɗa, don akwai Takari, wato mutanen Afirka ta Yamma, da suka zauna a wajajen Gallabat, kan iyakar Habasha, tun ƙarni na 19, akwai kuma waɗanda suka taho don Mahadi. Wasu kuwa neman mafita ne, ni kuma ban ga laifinsu ba. Illarsa ita ce jikan da ya tashi ya tarar da takardar sai ya ɗauka tarihi ne.

Akwai wani jan kuma, wanda ba na doka ba ne, na alfahari ne. Ka san Turawa sun ci Sakkwato a watan Maris na 1903, Sarkin Musulmi Attahiru ya fita hijira da jama'a mai yawa, aka cim masa a Burmi, ya yi shahada ranar 27 ga Yuli na wannan shekara. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja waɗanda suka tsira zuwa gabas, har suka kafa garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu, kudu da Sinnar, inda zuriyarsa ke riƙe da sarauta. Waɗannan su ne muhajirai, kuma darajarsu daban ce a wurinmu. Saboda haka in ka zaga ƙauyuka kana tambaya, za ka yi mamakin yawan gidajen da kakansu "yana Burmi". Da duk gaskiya ne, da filin Burmi bai ɗauke su ba. Mafi yawanmu jikokin alhazan ƙafa ne, da waɗanda yunwa ko harajin Nasara ya koro, da waɗanda labarin aikin auduga ya janyo bayan an buɗe gonakin Jazira a 1925.

Gidanmu ma an taɓa jingina shi da Burmi. Wadda ta warware zancen gwaggon mahaifina ce, Allah ya jiƙanta, kuma ba da niyyar warwarewa ta yi ba, hira kawai take yi. Ta ce tsohonta ya baro gida ne shekarar da aka ci ganye da dusa, aka tona gidan tururuwa ana neman hatsi. Wannan yunwar Kakalaba ce, ta 1913 zuwa 1914, shekara goma cur bayan Burmi. Ta ce yayanta, wato kakana, a Abeshe aka haife shi, cikin ƙasar Wadai, kuma lokacin da suka iso bakin kogi yana ɗan yaro mai kai wa leburori ruwa a wurin ginin madatsar Makwar. Madatsar Sinnar ke nan, an gama ta a 1925. Ka ga lissafi ya zauna da kansa: fita wajen 1914, haihuwa a hanya, isowa cikin shekarun 1920. Mahaifina kuma shekarar babbar ambaliya ta 1946 aka haife shi. Ba wanda ya rubuta ko ɗaya daga cikin waɗannan, amma kowanne yana rataye da abin da duniya ta sani.

Tafiyar kanta tana buƙatar bayani, don ku yanzu awa biyar ko ƙasa da haka jirgi ya sauke ku Jidda. Alhajin ƙafa yakan bi ta Barno, ya ƙetare zuwa Fot Lami, Njamena ta yau, ya wuce Ati da Abeshe da Adre, ya shiga Darfur ta Jinaina, sai Alfashir, sai Annuhud, sai Al'ubayyid inda jirgin ƙasa ya iso tun wajen 1912. Daga nan a nufi Nilu, sannan Sawakin a bakin teku. Ba a yin ta a jere. Guzuri ya ƙare, a tsaya a yi noma damina ɗaya ko uku, a yi ɗinki ko yankan farce ko karantarwa, a tara abin gaba. Kowane zango ana haihuwa, ana aurarwa, ana binne wani. Shi ya sa mai bin salsala a nan ba ya tambayar "daga ina kuka zo" kaɗai. Yana tambayar a ina kuka yi damina, wa aka bari a can. Mu akwai reshenmu guda da ya tsaya a Cadi, 'ya'yan wata ƙanwar tsohon da aka aurar a hanya. Shi kansa tsohon bai kai Makka ba, ya rasu yana cewa baɗi, kuma har tsufansa in an tambaye shi cewa yake yi shi matafiyi ne.

Yanzu ga inda aikin yake da wuya: tsofaffin mata ne suka san komai, kuma su ne ba sa faɗin suna. Alkunya tana nan a wurinmu, wataƙila ma ta fi taku ƙarfi a birane. Tsohuwa ba za ta ambaci sunan mijinta ba, ko na surukinta, ko na ɗan farinta. Sai ta ce maka "mai gidan nan", ko "mai sunan Malam", ko "wancan na Abeshe". Dole ka zo da wata sa'arta ko jikanya mai wasa da ita, ita ta furta sunan, tsohuwar ta gyaɗa kai. In ka matsa mata kai tsaye, hira ta mutu ke nan a ranar.

In ka samu sunan ma, da saura. Wanda gida ya sani da Audu, takarda ta san shi da Abdullahi. Garba ya koma Abubakar, Mamman ya koma Muhammad, wannan duk mai sauƙi ne. Amma Tanko ko Bawa ko Nomau fa? Ma'aikacin da ba ya jin Hausa yakan rubuta abin da kunnensa ya ba shi, ko a nemi sunan yanka wanda ba kowa ya taɓa ji ba. Sai mutum ɗaya ya zama biyu a lissafi. Akasin haka ma yana faruwa, saboda yawan yi wa kakanni takwara: Muhammad ɗan Abubakar ɗan Muhammad ɗan Abubakar, har mai ƙirga ya haɗe kaka da jika ya zubar da tsatso biyu bai sani ba. Ga kuma riƙo. Yaron da ubansa ya rasu a hanya, baffansa ya rene shi, sau da yawa da sunan baffan aka rubuta shi, kuma ranar rabon gado ne kawai za ka ji wata tsohuwa ta yi gyaran murya.

Takarda kuma ba ta ɗaukar mata ko kaɗan. Sunaye huɗun duk maza ne. Alhali ta wajen mata ne za ka gane cewa jininmu gauraye yake. Mutanen ƙasar nan sukan tara mu duka su ce Fallata, da Bahaushe da Bafulatani da Babarbare da Bazabarme, mu kuma a hanya da a ƙauyuka mun auri juna. Matar tsohonmu ta biyu 'yar Wadai ce, Hausa a gidan miji ta koya.

Abin da ya nuna mana ƙasar da muka fito kuwa fuskar tsohon ce. Gwaggo ta ce zanensa ya taso daga gefen baki ya bazu har kunne, irin na Gobirawa, kuma sana'arsa ƙira. Ƙauyen da take ambata yana tsakanin Sabon Birni da Tsibiri. To kai da ka ce in faɗa maka ko mu 'yan Najeriya ne, ga amsarka: lokacin da ya fito iyakar nan sabuwa ce, shi Gobir ya sani. Zanen ya tsaya a kan kakana, ba a yi wa mahaifina ba, don a lokacin fuska mai zane tana jawo tambaya a ofis. Wasan barkwanci dai bai mutu ba. Har yau jikan Bakano da jikan Bazazzage suna tsokanar juna a kasuwar Gadarif, ko da rabin zancen da Larabci suke yi, kuma wannan ma shaida ce mai amfani, don ba wanda ke gadon abokin wasa bisa kuskure.

Gidajen malamai sun fi mu sa'a. Sukan rubuta haihuwa da rasuwa a bangon Alƙur'ani ko a gefen Dala'ilu, da watan da shekarar hijira. Wanda ya samu hawasha a Jazira, wato gonar da hukumar aikin ke ba manomi, sunansa yana rajista. Amma da yawa daga cikin mutanenmu leburori ne mazauna kambo, wato sansanin ma'aikata, a bakin gonaki, su kam ba littafin da ya san da su.

Akwai wurin da muke tsayawa da gangan. Cikin ayarin nan akwai waɗanda suka taho a matsayin bayi ko barori, suka zauna, suka ɗauki sunan gidan da suka taso. Dattijai sun sani. Lokacin binciken aure akan yi raɗa a kai, abin da ni ban yarda da shi ba, amma ba a buɗe shi a taro, kuma yaron da ya zo da littafi da biro yana tona wannan za a nuna masa hanya.

Kada ka ɗauka duk wannan nishaɗin masu son tarihi ne. A watan Yuli na 2022 an zubar da jini a jihar Shuɗin Nilu kan ƙasa da sarautar gargajiya, kuma tambayar da ke ƙarƙashin rikicin ita ce wa ya riga wa zuwa, wa ke da ikon cewa nan gidansa ne. Mutumin da aka haifi kakansa a bakin kogin nan aka ce masa baƙo. Sannan yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023 ya ci birnin Madani a ƙarshen wannan shekara, ya kai garin Sinja a tsakiyar 2024. Mutane sun gudu da kayan jikinsu, akwatunan takardu sun ƙone ko an wawashe. Tun daga nan matasa suka koma ɗaukar muryar tsofaffi a waya suna tura wa dangi ta WhatsApp, wani a Kasala, wani a Jidda, wani a Kano, don kada abin ya zauna wuri ɗaya.

Wasu daga cikinsu za su iso wajenku suna neman tushe, wasu ma sun riga sun iso. In ɗaya ya faɗo hannunka, kada ka fara da sunaye huɗun da ke takardarsa, kada kuma ka kai shi sakatariyar ƙaramar hukuma. Tambaye shi laƙabin kakan da ya fita, da sana'arsa, da irin zanensa, da abokan wasan gidansu. Sannan ka raka shi wurin dagaci, daga nan wurin sarkin sana'ar, maƙera ne ko majema ko mahauta, sai kuma tsohon wanzamin garin, don shi ne ya san askar kowane gida. In Hausarsa ta cakuɗe da Larabci ku yi haƙuri da shi, ku sa wata tsohuwa ta zauna a wurin, ku tambaye ta ko a gidansu an taɓa zancen wani da ya tafi gabas bai dawo ba.