Zan iya sake rera waƙar wani shahararren mawaƙi in saka a intanet?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina so in sake rera wata shahararriyar waƙar pop da muryata. Na samo kiɗanta a intanet, wanda aka cire wa murya, kuma ina da niyyar mayar da baiti ɗaya Hausa, sannan in saka a YouTube da Spotify. Sai na nemi izini? Na kuma gwada ɗauka har sau biyu, amma muryata tana shaƙewa idan na zo amshi. Ina matsalar take?

Amsa: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Sake rera waƙar wani ba laifi ba ne, amma abubuwa biyu cikin shirinka za su iya jawo a sauke maka waƙar: kiɗan da ka samo, da baitin da kake son fassarawa.

Kowace waƙa da ka ji tana ɗauke da haƙƙin mallaka iri biyu. Akwai haƙƙin ainihin waƙar, wato kalmomi da karin, wanda ke hannun marubucinta da kamfanin da ke kula masa da ayyukansa. Akwai kuma haƙƙin ɗaukar da aka yi a situdiyo, wanda yawanci kamfanin da ya fitar da waƙar ne ke riƙe da shi. Dolly Parton ce ta rubuta "I Will Always Love You", ta fitar a 1974. Da Whitney Houston ta sake rera ta a 1992, sabuwar ɗauka aka yi daga tushe, amma kason marubuci bai bar hannun Dolly Parton ba. Kai ma haka taka za ta kasance: ɗaukar taka ce, waƙar ta mai ita ce.

To, kiɗan da aka cire wa murya da manhaja har yanzu ɗaukar asali ce, ko da ba a jin mawaƙin. Lasisin sake rera waƙa bai shafe shi ba sam. Idan ma kiɗan karawoke ne da wani ya sake bugawa, na wanda ya buga ne, kuma sai ya ba ka izinin fitar da shi a rubuce. Mafita ita ce a buga maka sabon kiɗa tun daga ganga har jita, kada a yanko ko daƙiƙa ɗaya daga na asali.

Idan ka yi haka, fitar da sauti zalla yana da sauƙi. Dokoki sun bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, amma ta Amurka ce za ka fi cin karo da ita a wajen kamfanonin rarraba waƙa, wato masu kai waƙarka Spotify da makamantansa. Tun 1909 dokar can ta tanadi cewa da zarar mai waƙa ya fitar da ita ga jama'a, kowa na iya sake rera ta muddin zai biya kason da doka ta yanke, kuma mai waƙar ba shi da ikon hanawa. Kamfani irin DistroKid yana da gurbin da za ka nuna cewa waƙar ba taka ba ce, ka rubuta sunanta da na mai ita, ya nemo maka lasisin. A gurbin marubuci ka sa sunan marubucin na gaskiya. Masu sa nasu sunan a nan maimakon na marubucin suna da yawa, kuma kuskure ne da ke jawo a sauke waƙa.

Sharaɗin wannan lasisi shi ne kada ka taɓa ainihin karin waƙar ko ka sauya mata kama. Salon kiɗa, sauri da kayan bugawa duk kana da damar canzawa. Fassara kuwa a doka sabon aiki ce da aka ciro daga na wani, don haka ko baiti ɗaya ne sai ka rubuta wa kamfanin da ke riƙe da waƙar, ka tura masa fassarar, ka jira amsa. Yana iya ƙi, yana kuma iya yarda bisa sharaɗin cewa fassarar ma tasa ce. Na san nan ne abin zai fi yi maka ciwo, domin baitin Hausan ne zai bambanta ka da sauran, amma gara ka nema tun kafin ka shiga situdiyo.

Bidiyo yana buƙatar wani izinin daban, na haɗa waƙa da hoto, kuma shi babu dokar da ta tilasta a ba ka. A aikace, YouTube na da yarjejeniya da kamfanoni da dama, kuma tsarinsa na Content ID kan gano karin waƙar ya sanar da mai ita. Mai waƙar ne zai zaɓa: ya bar bidiyon amma shi ya kwashi kuɗin talla, ko ya toshe shi a wasu ƙasashe ko a ko'ina. Wannan sanarwa ba hukunci ba ce a kan tasharka. Abin tsoro shi ne mai waƙa ya nemi a sauke bidiyon a hukumance, domin hakan yana jawo wa tasharka gargaɗi, kuma gargaɗi uku irin wannan cikin kwana 90 na iya rufe tashar. Rubuta "ba ni da haƙƙin wannan waƙa" a ƙasan bidiyo ba ya kare ka daga komai.

Batun shaƙewar murya kuma, laifin kiɗan nan ne dai. An ɗora shi ne a kan ki, wato matakin tsayin sauti, da ya dace da maƙogwaron wani, kuma a waƙoƙin pop amshi ne yawanci ke ɗauke da sauti mafi tsayi. Ka zauna da mai fiyano, ku fara da amshin, ba da farkon waƙa ba. Ku nemo sautin da ya fi kowanne hawa, ku riƙa saukowa rabin mataki-rabin mataki, wato daga maɓallin fiyano zuwa wanda ke manne da shi, har ka iya riƙe shi da buɗaɗɗiyar murya sau uku a jere ba tare da jijiyar wuya ta tashi ba. Sannan ku koma baitin farko ku duba sauti mafi ƙasa. Idan ya koma iska kawai, kun sauka da yawa, sai ku hau rabin mataki ɗaya. Namiji mai rera waƙar mace sau da yawa yakan buƙaci matsawa da rabin mataki huɗu ko biyar. Kada ka yi wannan ta hanyar jan tsohon kiɗa da manhaja, domin da ka wuce rabin mataki biyu ko uku sautin ganga da kuge yakan dagule.

Tunda sabon kiɗa za a buga, kada ka ce wa furodusa ya kwaikwayi na asali sak. Wanda ke son na asali yana da shi a wayarsa. Ka rera waƙar da jita ko fiyano kaɗai, ka ga abin da ya rage mai daɗi, a kansa za ka yi gini. Rage saurinta da bugu 10 zuwa 15 a minti ya isa ya sa a ji kalmomin da sabon kunne, sai dai jimloli za su ƙara tsawo, don haka ka sa alamar wuraren jan numfashi a takardarka. Kwalliyar murya da mawaƙin asali yake yi a ƙarshen layi, ka bar masa kayansa, ita ce ke fara tona mai kwaikwayo.

Wajen ɗauka, ka tsaya santimita 15 zuwa 20 daga makirufo, da tankaɗen tare iska a tsakani. A saita ƙarfin shiga da amshi, yadda ƙololuwarsa ba za ta wuce -6 dB a ma'aunin ƙarfin sauti ba, domin idan aka saita da baiti mai sanyi, sauti zai fashe da zarar ka ɗaga murya, kuma fasasshen sauti ba ya gyaruwa a wajen haɗawa. Ka ɗauki amshin da wuri, kafin murya ta gaji, sannan ka miƙa wa kamfanin rarrabawa fayil na WAV, ba MP3 ba.